Ɗakin Anaruwa Yana Gumi

Gidan Buwai, ta Tsanyawa,
24 ga Yuli.

Rahila, surukata Praise ta sauka! Namiji ne, ƙato, da gashi cike da kai kamar wanda ya shekara a duniya!

To, yanzu bari in gaishe ki, kada ki ce tsufa ya cinye mini ladabi. Yaya aiki, yaya sanyin Jos? Yaya maigidanki da yara? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa, ita ma tun ranar Talata ta manta da ciwo. Na san a ofis Rachael suke ce miki, amma ni Rahila na karɓa daga hannun mahaifiyarki ranar da ta cika, Rahila kuma zan ci gaba da rubutawa.

Da hantsi aka haife shi, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ɗan'uwanki Reuben ya aiko daga Fatakwal wai a sa wa ɗansa Aaron. Su sa. Ni Anaruwa na ce, kuma har ya fara juyowa in na kira. Shekara shida da auren nan muna jira, mutane na magana a bayan ido. Yau ga shi.

Tun da Praise ba ta da uwa a raye, ba ta tafi wankan gida ba. Reuben ya so a kai ta Kunci wurin gwaggonta Aina'u, na ce ina raye ba za a yi ba. Ƙanwata Hure ta ajiye carbinta ta ɗauki ganyen runhu, ita ke yi mata wankan jego safe da yamma.

Suna cikin sabon ɗakin bulo da kwano da aka gina da rani. Nan ma sai da na gyara wa Basiru birkila aikinsa. Ya bar bulo huɗu masu huji a sama, ya kuma bar rata tsakanin bango da kwano. Na ce masa wannan ganganci ne. Ya ce, "Baba Dogo, a bar wa ɗaki hanci." Na ce ɗaki ba akuya ba ne. Kin tuna yadda malamin gona ya koya mana ajiye wake? Buhu mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure baki tam, ƙwaro ba shi da hanya. Tun da na kama wannan dabara 'yan kasuwar Dawanau rububin wakena suke yi. To wanda ya iya tsare wake zai kasa tsare jikansa? Kafin su shiga na kwaɓa laka na toshe hujojin nan da ratar duka, na liƙe taga da leda. Ba sauro, ba sanyi. Na kuma hana a fita da mai jego makewayi a cikin ruwan nan. A ɗaki ake wanka cikin babban baho, tukunya na kan kaskon garwashi, tsummokin yaro na kan igiya daga ciki. Hure ta ɗan yi gunaguni, na ce ta kula da ganyenta.

Takardar shaidata ta yaƙi da jahilci ma can na rataye ta tun kafin su shiga, saitin gado, don in ya buɗe ido ya san kakansa ba ɗan dangwala yatsa ba ne.

Zubair direba, mai kai wake Jos daga Dawanau, shi zai kawo miki wannan. Kada ki ce don me ban buga waya ba. Kunnena ba ya kama muryar cikin waya, kuma ban yi shekara uku a kan benci da yamma, da furfurata, don in bar biro ya bushe ba.

Babanki,
Dogo Buwai.


Jos,
1 ga Agusta.

Baba,

Barka da arziki! Allah ya raya Anaruwa, ya ba mai jego lafiya. A ofis Zubair ya same ni, na karanta layin farko na tashi na taka rawa, har shugabanmu ya leƙo yana tambayar ko ƙarin girma aka yi mini. Mu duka lafiya. Yara sun ce a shafa musu kan ƙaninsu.

Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ka san aikina duba-gari ne, shekara goma sha biyu ina shiga ɗakunan mutane, kuma abin da ka rubuta a kan ɗakin nan ya tsaya mini a rai.

Duk tukunyar da ta tafasa, tururinta sai ya sami wurin zuwa. A ɗakin laka mai jinka, inda iyayenmu suka yi jego, tururi ta cikin ciyawa yake sulalewa, shi ya sa ba a taɓa jin komai ba. Bulo da siminti da kwano ba haka suke ba. Tururi ya taɓa su da sanyinsu sai ya koma ruwa, ya kwanta a bango, ya ɗigo daga sama. Ga wanka sau biyu, ga jiƙaƙƙun tsummoki, ga numfashin mutum uku. Bayan ruwa sai fumfuna, ita kuwa ƙirjin jariri take nema. Garwashi a rufaffen ɗaki ma wani haɗarin ne, yana iya sumar da babba, balle ɗan kwana goma.

Baba, buhun wake ana ɗaure shi ne don abin da ke da rai a ciki ya mutu. Na san ƙauna ce ta sa ka, ba wanda ya kai ka son yaron nan. Amma don Allah ka kira Basiru ya buɗe hujojin, a sa musu raga saboda sauro, a cire ledar taga, a riƙa buɗe ta da rana. A kafa 'yar rumfa a makewayi a mai da wanka can. Kasko da shanya su fita waje. In sanyi ake tsoro, a ƙara wa yaro zani, ba a toshe ɗaki ba.

Na haɗa 'yan riguna da sabulu a cikin ledar nan. A gaida Gwaggo Hure da aiki.

'Yarka,
Rahila.


Gidan Buwai,
12 ga Agusta.

Rahila,

Ina gaishe ki da iyalinki, da fatan kuna lafiya. Shiru ban ji daga gare ki ba. An ce motar Zubair ta lalace a hanya, bai dawo ba har yau, don haka ban sani ba ko albishir ɗina ya iso ko yana can ƙarƙashin kujerar direba. Wannan wasiƙa matar fasto ce za ta kawo miki, za ta taron mata a garinku.

An yi suna lafiya. Reuben bai sami hutu ba, amma gida ya cika, Kirista da Musulmi, har tuwo ya kasa. Tun daga nan marka ta kankama, kwana tara rana ba ta fito ta wuni ba. Gero ya yi kyau ƙwarai.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Anaruwa yana tari. Da farko atishawa ce, yanzu in Hure ta fito mini da shi zaure na ɗora kunne, ƙirjinsa na ƙara kamar kyanwa tana barci. Nono ma ba ya kamawa kamar da.

Kin san ba na shiga ɗakin suruka, ban taɓa ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. Abin da Hure ta faɗa mini shi na sani. Wai bango yana gumi. Wai da sassafe kwano yana ɗiga ko ba a yi ruwa ba, kuma ashana ta ƙi kamawa a ɗakin sai ta riƙa ɓoye ta a zaninta. Na tsaya daga bakin ƙofa na tambayi Praise ta bayan labule, ta ce, "Lafiya lau, Baba, ba komai." To wa zan gaskata, mai ɗaki ko baƙuwa? Ni dai a ganina Basiru ya yi gini da ɗanyen bulo, kuma har yanzu sanyi na samun hanya. Na duba na ga ƙarƙashin ƙofa ne, na sa an dinga tare wurin da buhu, na ƙaro garwashi.

Rahila, wannan magana tsakanina da ke ce. Kada Reuben ya ji. Na bugi ƙirji a gabansa na ce ɗansa ba zai ga ko ciwon kai a hannuna ba. In ya ji zai ce a kai su Kunci, mutanen gari su ce Dogo ya kasa riƙon jika na kwana arba'in. Ke kin san likitoci. Ki tambayo mini maganin tarin jarirai mai kyau ki aiko ta hannun matar fasto, ki naɗe shi yadda ba za ta gane ba. Ban taɓa roƙonki komai ba sai yau. Amana na ba ki.

Babanki,
Dogo.


Gidan Buwai,
21 ga Agusta.

Rachael,

Ina fata kina lafiya. Ni ba na lafiya, kuma kin san dalili.

Ranar kasuwar Tsanyawa na hau kekena da safe. Ƙafar sa na je saya wa mai jego, na kuma ga wani ɗan bargo mai laushi, shuɗi, na ce wannan na Anaruwa ne. Da la'asar na dawo. Tun daga bakin rijiya na ga mata suna sunkuyar da kai, mai gaishe ni ya gaishe ni da sauri ya wuce. A ƙofar gida na ga sawun tayar mota a cikin taɓo. Na shiga na yi sallama, kaji ne suka amsa.

Ba Praise, ba yaro, ba Hure. Igiya babu tsumma ko ɗaya. Matar maƙwabci ce ta miƙo mini mabuɗi ta kan danga, tana cewa wai Reuben ne ya bugo wa fasto, fasto ya kira Basiru, Basiru ya samo mota, aka kai yaro asibiti, daga can a wuce Kunci. Kin ji jerin sunayen? Ɗana. Fastona. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya. Mutumin da na yi wa ubansa gayya sau ba adadi. Duk sun san ranar, sun san sa'ar da zan hau keke. Hure da bakinta ta ce mini da safe, "Ka zaɓo mai kitse, Yaya." Ashe kayansu a ɗaure suke a bayan ƙofa. An jira na juya baya kamar yadda ake jiran mai gona ya tafi a saki awaki.

To wa ya gaya wa Reuben? Mutum ɗaya na rubuta wa. Mutum ɗaya na ce wa amana.

Kamar abin bai isa ba, a yammacin nan sai ga Zubair da ledarki da wasiƙarki ta farkon wata. Na zauna a zaure na karanta da kaina, ba wanda ya karanta mini, don haka ba za ki ce an ƙara gishiri ba. Kin rubuta cewa buhu ana ɗaure shi ne don mai rai ya mutu a ciki. Nan na tsaya, ban ƙarasa ba. Wato ni Dogo, da na jira shekara shida, na ɗaure jikana a buhu don ya mutu. Da ma na tsaya a jahilcina, da ban ga wannan layi da idona ba.

Kina da shekara huɗu na ɗauko ki. Kakanki da ubana wa da ƙane ne, akwai waɗanda suka fi ni kusa, ba wanda ya miƙa hannu. A bayan keken nan na dinga kai ki makaranta, ƙafafunki ba sa kai wa ko'ina, ina ɗaure su da ɗankwali don kada wayar tayar keke ta ci su. Ban faɗa don gori ba. Na faɗa don ki san wanda kika kai maganarsa kasuwa.

Ranar Lahadi ban je sujada ba, da wane ido? Ɗakin na sa masa kwaɗo, ban leƙa ba. Ƙafar san na ba maƙwabta. Bargon yana nan a ledarsa.

Rigunan da kika aiko, ki gaya wa Zubair inda zai kai su. Kin fi ni sanin inda yaron yake.

Dogo Buwai.


Jos,
27 ga Agusta.

Baba,

Ina durƙushe ina gaishe ka. Na ga ka rubuta Rachael, na kuma gane. Yaya gwiwar? Ka ci abinci, don Allah, an ce mini ka rame.

Ni ce na gaya wa Reuben. Ba zan ɓoye ba. Ranar da matar fasto ta ba ni wasiƙarka na gane tawa ba ta same ka ba, na kuma ga an ƙara garwashi an tare ƙarƙashin ƙofa. Na buga wayarka sau goma sha ɗaya tana kashe. In na rubuta, sai bayan mako. Jariri mai ƙarar ƙirji ba ya jiran Zubair. Ka ba ni amanar magana, amma yaron ma amana ne, kuma shi ba shi da bakin roƙo. Na zaɓa, na san za ka ji zafi.

Abin da na ce wa Reuben shi ne a kai yaro asibiti a ranar, a buɗe ɗakin. Ban ce a faki idonka ba. Na ce ya sa fasto ya zauna da kai. Sai ya ce, "Yaya Rahila, kin san Baba. In yana gida ba mai fita da yaron nan, ba kuma mai taɓa bangon nan. Basiru ya faɗa, Gwaggo ta faɗa." Baba, yadda aka yi bai yi kyau ba, na faɗa masa, mun yi faɗa a kai. Amma ban iya ce masa ƙarya yake yi ba.

Ga labarin da ya fi komai. An kwantar da Anaruwa kwana uku, an sallame su, yana shan magani, ƙarar ta ragu, yana kama nono. Praise ta yi mini kuka a waya. Ta ce kullum da safe sai ta goge bangon da tsumma kafin Gwaggo ta ankara, kanta na sara tun mako na biyu, amma yaya za ta dubi surukin da ya riƙe ta kamar 'ya ta ce aikin hannunsa ne ke cutar da su? Kai ba ka shiga saboda kunya, ita ba ta faɗa saboda kunya, yaro na tsakiya yana tari.

Layin buhu kuwa ba zan janye shi ba, don gaskiya ne a kan buhu. Amma ka tsaya inda bai kamata ka tsaya ba. Ka karanta layin da ke biye da shi.

Abu ɗaya nake roƙo. Yanzu ba suruka a ɗakin, ba wanda za ka ji wa kunya. Ka buɗe kwaɗon ka shiga. Ka janye gado daga bango, ka ɗaga katifa. In ka fito ka ce ni maƙaryaciya ce, zan zo har gida in karɓi duk hukuncin da ka yanke.

'Yarka ko ka ƙi,
Rahila.


Gidan Buwai,
16 ga Satumba.

Rahila,

Gaisuwa. Muna girbin gero, jiki ya gaji amma lafiya. Wasiƙarki ta kwana goma a aljihuna kafin in yi abin da kika ce.

Na shiga.

Warin ne ya fara tare ni, irin na tsohuwar rijiya da aka rufe. Na janye gado. Bangon baƙi ƙirin daga ƙasa har tsayin ƙirjina, da tabo-tabo kore kamar bayan kwaɗo. Na ɗaga katifa, ƙarƙashinta a jiƙe, daidai gefen da ake kwantar da shi. Takalman Reuben na zuwa majami'a sun yi farin gashi. Zannuwan auren Praise da ta bari a akwati sun manne da juna. Takardar shaidata kuwa, ruwa ya bi ta bayan gilashi, fumfuna ta cinye sunana, saura "Do" kawai. Minti nawa na yi a ciki, na fito ina tari. Shi kwana ashirin da biyar ya yi.

Na zauna a bakin ƙofa, na ɗauko wasiƙarki ta farko na ƙarasa ta.

Washegari ina gyaran rumbu don sabon gero, na durƙusa in share ƙarƙashinsa, sai na ji iska tana wucewa a bayan hannuna ta tsakanin duwatsun da yake zaune a kai. Shekara hamsin ina ɗora rumbu a kan dutse, ina ɗaga masa hula in rana ta fito. Ina yaro na taɓa cusa laka a ƙarƙashin rumbun ubana don kada kaji su shiga, Buwai ya zane ni, ya ce hatsin da bai sha iska ba na ƙasa ne. Ashe dabara biyu na sani, ta rumbu da ta buhu, na ɗauki wadda ba ita ba na ɗora wa jikana.

Na je wurin Basiru. Yana ganina ya ce, "Baba Dogo, an zo a huda wa akuya hanci?" Na ce ɗauko gudumarka, surutu ba ya fasa laka. Mun buɗe hujoji huɗun da ratar sama, mun sa raga. Ya ce taga ɗaya ba ta isa ba, iska ba ta shiga inda ba ta ga mafita ba, sai muka fasa wata a bangon da ke kallonta. Na ɗaure hanci da rawani, na kankare bango, na wanke da omo da ruwan bilic, muka bar shi ya sha iska kafin farar ƙasa. Katifar na ƙone ta. Rumfa na nan a makewayi, ko da yake arba'in ta wuce a gidan wasu.

Hure ta dawo, mun yi ta. Na ce ta ci amanata. Ta ce, "Sau uku na faɗa maka, Yaya, ka ce in kula da ganyena. To na kula da shi, na kuma kula da ɗan mutane." Ban ci tuwon da ta aiko ba sai a kwana na uku.

Kada ki ɗauka an gama. A kan ɗaki kuna da gaskiya. A kan hanyar da kuka bi ba ku da ita. Da fasto da Hure da Basiru sun tsaya a gabana su uku sun ce, Dogo, shiga ka gani ko mu ɗauke shi a kan idonka, da na yi faɗa, da na yi zagi, amma da ban dawo daga kasuwa da bargo a hannu ina yi wa kaji sallama ba. Wannan bai warke ba.

Reuben bai ce a dawo da su ba. Ni kuma ba zan roƙe shi ba.

Dogo.


Gidan Buwai,
9 ga Oktoba.

Sun dawo, Rahila! Anaruwa yana gidan kakansa, yanzu haka ina jin muryarsa, kuka yake da ƙarfi kamar mai kiran kasuwa, ba ƙara ko ɗaya a ƙirjin!

Yaya kuke, yaya yara? Gwiwa ta sake mantawa da ciwo.

Ga yadda aka yi. Bayan farar ƙasa ta bushe, na ajiye kwalin ashana a kan taga ta ciki, na bar shi kwana goma, a ciki aka yi ruwa uku masu ƙarfi. Rana ta goma na kira Hure na ce ƙyasta. Bugu ɗaya ta kama. Ta shafa bango, ta shinshina, ta dubi kwano, ta ce, "To, yanzu ka yi ɗaki." Daga bakin Hure wannan kirari ne.

Na ce ba zan roƙi Reuben ba, ban kuwa roƙe shi ba. Motar Kunci na shiga da bargon nan da kwalin ashana. Aina'u ta karɓe ni da mutunci, ta shimfiɗa mini tabarma, Praise ta durƙusa daga nesa kanta a ƙasa. Aka miƙo mini yaron. Ya yi nauyi, ya kama gemuna ya ja, na ce ja, ka fi su gaskiya, kai a gabana kake yi.

Na ce wa Aina'u ta gaya wa 'yarta, tun da tana ji, cewa ban zo biko ba. Ta zo ta duba ɗakin da hancinta, in bai yi mata ba motar da ta kawo ta ta mai da ita. Sannan na fito da littafin rubutu sabo da biro na ajiye a tabarma. Na ce na san suruka ba ta iya duban suruki ta ce ya yi kuskure, ni ma ba zan fara shiga ɗakinta ba. To takarda ba ta jin kunya. Duk abin da ta gani a gidana wanda bai yi ba, ta rubuta ta ajiye a zaure ƙarƙashin fitila. Na iya karatu, kuma yanzu na koyi ƙarasa wasiƙa.

Ranar Asabar suka zo da Aina'u. Ina zaure ina ta gyara igiyar da ba ta lalace ba. Suka daɗe a ciki. Can sai na ji Aina'u tana cewa direba ya sauke kaya.

Washegari da safe na ɗaga fitila, ga takarda. Ta rubuta: "Baba, ɗakin ya yi, mun yi barci lafiya. Ka yafe mini. Amma turken akuya ya yi kusa da sabuwar taga." Na yi dariya har Hure ta leƙo. Kafin rana ta yi tsaka akuya ta koma bayan rumbu.

Takardar shaidata na mai da ita wurinta yadda take, da "Do" ɗinta. In ya girma ya tambayi abin da ya ci sauran, ni zan ba shi labari, ba ku ba.

Reuben ya aiko gaisuwa ta bakin fasto. Ban amsa ba. Ni da shi akwai zama, ido da ido, kuma ke ma kina da kujera a zaman nan, kada ki ɗauka Rahila da na rubuta a sama ta wanke ki duka. Amma ba a zama da wanda bai zo ba.

Don haka ranar Lahadin godiyar kaka, ƙarshen watan nan, ina son kowa. Ki zo da maigidanki da yara. Ki gaya wa ɗan'uwanki ya nemi hutu, tun da maganarki yake ji. Zubair ya ajiye mota ya shigo, Basiru ya zo ya yi ta baki, Aina'u ta taho da mutanen Kunci, matan bakin rijiya da suka sunkuyar da kai su ma su ɗago su zo. Akwai sabon gero, akwai wake, na ware bunsuru. Ke kuma duba-gari, ki sa kakinki na aiki, ki janye gado, ki ɗaga katifa, ki shafa bango da hannunki. Ki tsaya tsakanin tagogin nan biyu ki ji yadda iska ke ɗaga gashin Anaruwa yana barci. Ku zo da rana tsaka, ina gida, ba kasuwar da zan je. Ku zo ku gani.

Babanki,
Dogo Buwai.